Ihu Ya Tsaya, Amma Ya Kasa Tashi: Shawarwari Ga Gidan Da Ke Jinyar Mai Sikizofireniya

Ranar da aka sallamo shi daga asibiti gida ya cika da hamdala. Surutan da yake yi shi kaɗai sun tsaya, ya daina cewa maƙwabta na zuba masa guba a abinci, barci ya dawo. Uwa ta yi sadakar ƙosai, uba ya ce to, saura batun komawa makaranta. Wata uku, wata shida, har shekara ta zagayo, yaro na nan a ɗaki inda aka ajiye shi. Wanka sai an yi da gaske. A tambaye shi me zai ci, ya ce "komai". A ce ga abokinsa a ƙofar gida, ya ce "to", bai motsa ba. Fuskar da ya kai gidan suna ita zai kai zaman makoki.

A nan ne haƙurin gida ke soma ƙarewa. Mutanen da suka jure fashe-fashe da bin dare neman wanda ya fita ba takalmi, su ne ke kasa jure shiru. Lokacin da yake ihu kowa ya san ciwo ne. Yanzu da ya lafa sai a koma kiransa rago, cima-zaune, mai matacciyar zuciya.

Ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa yana damun mutum miliyan 24, wato kusan ɗaya cikin 300, yana da fuska biyu. Akwai abin da yake ƙara wa mutum: jin muryoyin da babu su, zargi, ruɗewar tunani. Akwai kuma abin da yake rage masa, kuma masana sun kasa shi gida biyar: mutuwar himma, janyewa daga jama'a, dusashewar sha'awa, ƙarancin magana, da daskarewar fuska da murya. Bari in kira su alamomin ragi, na farkon kuma alamomin ƙari. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani likitan Jamus, Emil Kraepelin, ya lura da raunin niyya a wajen irin waɗannan marasa lafiya. Magungunan da aka fara samu daga 1952, lokacin da aka gwada chlorpromazine a Paris, suna kashe wutar alamomin ƙari sosai, amma tasirinsu kan alamomin ragi kaɗan ne har yau. Ke nan kaso mafi girma na wannan ɓangaren jinya a tsakar gida ake yinsa. Ga abin da nake ganin ya kamata gida ya riƙe. Zan riƙa cewa "shi" don sauƙin magana, amma mata ma ciwon na kama su.

1. Ku cire kalmar ragwanci daga bakinku.

Rago yana guje wa aiki ne ya nufi daɗi. Ku ce masa ya ɗebo ruwa, ciwon baya ya tashi. Ku ce ana kallon ƙwallo a gidan kallo, ya riga kowa fita. Mai alamomin ragi ba ya zuwa ɗiban ruwan, ba ya zuwa kallon ƙwallon. Abin da yake so tun yana yaro ma ya bar shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku ba son jiki ba ne.

Wani bincike da David Gard da Ann Kring da abokan aikinsu suka buga a Amurka a 2007 ya haska wani abu da ya sauya mini fahimta. An bi marasa lafiya cikin harkokinsu na yau da kullum ana tambayarsu yadda suke ji. Sai aka ga cewa idan suna cikin abin daɗi, cin abinci ne ko hira, suna jin daɗinsa kusan kamar kowa. Abin da ya raunana shi ne hango daɗin tun kafin a kai gare shi. Ni da kai, ƙamshin tsire daga nesa ke ɗaga mu daga tabarma. Shi kuwa sai tsiren ya shiga bakinsa zai ji daɗi. Kafin nan babu abin da ke jansa, wahalar tashi kaɗai yake gani. Kamar motar da batirinta ya yi sanyi: inji lafiya lau, ga mai a tanki, amma murɗa makulli ba ya tayar da ita. Direban da ya san aikinsa masu turi yake nema.

Ni kaina na yi wannan kuskure. Na taɓa tsayawa a kan wani ƙanena, ɗan gwaggona, na ce masa, "Kai dai ka ga ana dafawa ana kawo maka ne." Bai ce uffan ba, fuskarsa ba ta sauya ba, na fita ina ganin maganar ba ta ma shige shi ba. Bayan fiye da shekara, rannan muna zaune a zaure, ya maimaita mini ita kalma bayan kalma, ya ce, "Yaya, ran nan na so in tashi, wallahi na kasa." Har yau ina jin nauyin wannan magana.

2. Kafin ku ce ciwon ne, ku koma wa likita ya duba ko wani abu ne ke kwaikwayonsa.

Wannan ita ce shawarar da ta fi saurin kawo sauƙi, kuma ita aka fi tsallakewa. Abubuwa da dama na jawo zaman shiru irin wannan, kuma yawancinsu suna da gyara.

Na farko shi ne maganin kansa. Tsofaffin magunguna masu araha da aka fi bayarwa a asibitocinmu, irin su haloperidol da chlorpromazine da allurar wata-wata ta fluphenazine, idan ƙarfinsu ya yi wa mutum yawa suna sandarar da jiki. Ku lura: yana tafiya da gajerun taku, hannuwa a manne ba sa lilo? Yatsu na karkarwa? Miyau na zuba? Barci ya wuce kima har da rana tsaka? Waɗannan aikin magani ne, kuma likita na iya rage adadi, ko ya sauya, ko ya ƙara wani da ke sassauta jiki.

Na biyu, ciwon damuwa, wanda ke yawan zuwa bayan hankali ya dawo mutum ya waiga ya ga abin da ya rasa: karatu ya tsaya, sa'anni sun yi aure, yaran unguwa sun ga tsiraicinsa. Bambancin a nan yake: mai damuwa yana jin zafi a ransa, yana kuka a ɓoye, yana cewa shi kaya ne a kanku, ba shi da amfani. Mai alamomin ragi zalla yakan ce "ba komai", kuma da gaske babu abin da ke cinsa sosai. Damuwa tana jin magani, tana kuma iya kisa idan aka ƙyale ta.

Na uku, sauran tsoro. Wani yana ƙin fita ne don har yanzu muryoyin na raɗa masa cewa waje akwai haɗari, ya dai koyi ɓoyewa ne don kada a mayar da shi asibiti. Na huɗu, shaye-shaye: wiwi, tramadol, kodin, har da ƙwayar exol da asibiti ke bayarwa don sassauta jiki, wadda wasu matasa suka mayar abin maye. Na biyar, ciwon jiki da ba a kula ba, kamar ƙarancin jini ko suga.

Ku samu ɗan littafi ku yi mako biyu kuna rubuta ƙarfe nawa ya kwanta, ƙarfe nawa ya tashi, me ya ci, me ya yi da rana, wane magani ya sha. Layin asibiti dogo ne, ganin likita gajere. Idan kuka shiga kuka ce "lafiya lau, ba ya faɗa", za a sake rubuta muku maganin da aka saba ku fito. Ku ce, "Likita, faɗa ya tsaya, amma ba ya wanka, ba ya magana, yana barcin awa 14." A Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, akwai na Kware a jihar Sakkwato, akwai na Maiduguri, akwai Dawanau a Kano, sannan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suna da sashen masu wannan larura.

3. Kada ku tsayar da magani da kanku.

Na san jarabar. An ga yaro ya zama kamar gunki, wata gwaggo ta ce ai ƙwayoyin nan ne suka kashe masa jiki, a bar su. Mako biyu na farko sai a ga kamar ya wartsake, a ce ka gani ko. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo da ƙarfinsa, kuma kowace dawowa tana iya barin mutum ƙasa da inda yake. Ragewa ko sauyawa aikin likita ne, a hankali ake yinsa.

Akwai sababbin magunguna da suka ɗan fi taɓa alamomin ragi. Wani gwaji na mako 26 da aka buga a 2017 ya nuna cariprazine ya ɗan ɗara risperidone a wannan fanni. Ku lura da kalmar "ɗan". Duk wanda ya ce muku yana da ƙwaya ko jiƙo ko turaren da zai dawo da himma cikin kwana bakwai, aljihunku yake so. Idan azumi ya gabato, ku tambayi likita tun cikin Sha'aban yadda za a daidaita lokutan sha tsakanin buɗa-baki da sahur, ko kuma ko ya dace ya ɗauki azumin ma.

4. Ku gutsura aiki.

"Je ka gyara ɗakinka" a kunnenku magana ɗaya ce, a wajensa aiki ashirin ne a dunƙule, bai san ta inda zai kama ba. Ku ce, "Kwaso kofunan nan ka kawo mini." Idan ya kawo, sai na gaba. Wanka ma haka: a kai ruwa bayi, a ɗora soso da sabulu a kan bokiti, a rataya wankakkun kaya a ƙofa, sannan a ce, "Ruwanka na can, zai huce." Wata masaniya a jihar Texas, Dawn Velligan, ta gina tsarin jinya sukutum kan wannan dabara: a shirya muhalli yadda abin da ake so a yi zai kasance a gaban ido. Asuwaki kusa da buta, magani kusa da kofin shayi, takarda a bango mai jerin abu uku kacal na yini, ƙararrawar waya ta tuna lokaci. Abin da ke cikin akwati a ƙarƙashin gado, a wajensa babu shi.

5. "Zo mu je" ta fi "tashi ka je".

Turin motar ke nan. Kada ku tambaye shi ko yana son fita, amsar a'a ce kullum, tunda hango daɗin ne ya lalace. Ku ce, "Zo ka raka ni wajen mai kayan miya, ka riƙe mini leda." Idan zaɓi za ku ba shi, ya zama biyu rak: yanzu ko bayan la'asar, farar riga ko shuɗiya. Da kun dawo, ku tambaye shi nan take yadda ya ji. Sau da yawa zai ce, "Ba laifi, na ji daɗi." Ku riƙe wannan amsa, gobe ku tuna masa: "Jiya ma ka ce ba ka so, da muka je ka ji daɗi." Kuna ara masa abin da ƙwaƙwalwarsa ta kasa yi masa ne.

6. Ku rataya yininsa a kan lokutan da gida ya riga ya saba.

Ba sai kun ƙirƙiri jadawali ba, kiran salla ya raba muku yini gida biyar. Bayan asuba, shayi da magani, a zauna a hantsi. Kafin azahar, aiki ɗaya. Bayan la'asar, tafiya. Bayan isha'i, a ajiye waya. Gidan Kirista na da addu'ar safe da ta dare da zai kafa nasa a kai. Abin da ake yi kullum a lokaci ɗaya yana daina buƙatar niyya, kuma niyya ce ta yi ƙaranci. A buɗe taga da safe, a hana kwanan yini, don wanda ya yi barcin rana zai kwana ido biyu shi kaɗai da tunaninsa.

7. Ku ba shi aikin da gida ke buƙata da gaske.

A 1970 wasu masana biyu a Ingila, John Wing da George Brown, suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi a manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku. Sun gano cewa gwargwadon awannin da marar lafiya ke shafewa bai yin komai, gwargwadon yadda shirunsa da janyewarsa ke ƙaruwa, kuma inda aka rage zaman banza sai aka ga sauƙi. Zaman ɗaki a gida zai iya yin ɓarnar da zaman asibitin ya yi. Tun kafin nan, a 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda marasa lafiya ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan uwansu, su je asibiti da rana, su ci gaba da rayuwa cikin jama'a. Duniya ta yaba wa wannan tsari, kuma abin da ya dogara a kai muna da shi a gidajenmu.

Akuya ɗaya da za a ce tasa ce, shi zai ba ta dusa da harawa. Kaji biyar da zai watsa wa tsaba ya kwashe ƙwai. Ban ruwan zogale. Ɓarar gyaɗa, gyaran wake, raka ƙanne makarantar allo, zaman awa biyu a shagon kawu yana miƙo kaya. Dabba ta fi komai a ganina, domin tana kuka idan ta ji yunwa, kuma kukan akuya ba gori a cikinsa. Sharaɗi ɗaya: aikin ya zama na gaske, wanda idan bai yi ba za a ji rashinsa. Babban mutum ne, yana gane aikin da aka ƙirƙiro don a ɗebe masa kewa. Idan aikin na kawo kuɗi, a ba shi nasa a hannu ko naira ɗari biyu ce, ya saya wa kansa abin da ya ga dama. Kuma idan ya yi shara ya bar ƙura a lungu, kada a ɗauki tsintsiya a maimaita a gabansa.

Kuskuren da ke gefe guda shi ne na tausayi: a hana shi taɓa komai, a ce "bar shi, ba shi da lafiya", a wanke masa, a ɗebo masa, a amsa tambayar da aka yi masa. Uwa ce ta fi faɗawa nan, da kyakkyawar niyya. Duk abin da yake iya yi da kansa, ko da zai ɗauki ninki uku na lokaci, a bar masa.

Sai batun mata, wanda ke ci mini rai. Budurwar da ta yi shiru ta lafe a ɗaki, yabonta ake yi da kunya da kamun kai, a shekara biyu ba a gane ciwo ne ba. Matar aure kuwa da ta kasa tashi ta ɗora tukunya, ta bar kai ba kitso, yara ba wanka, sunanta ƙazama, kuma sau da yawa takardar saki ke riga takardar asibiti zuwa. Maigida, idan matar da ka sani da tsafta da kazar-kazar ta koma haka, musamman bayan ta taɓa yin rikicewar hankali, asibiti za ka kai ta kafin ka kai ƙara wajen iyayenta. A samu 'yar uwa ta zo ta zauna, su yi girki tare, ita ta yanka albasa wata ta kula da wuta, a tsefe mata kai ana hira.

8. Ku kula da harshenku, yana da nauyin magani.

Wannan ba wa'azi ba ne, an auna shi. George Brown ɗin nan, sannan Christine Vaughn da Julian Leff a 1976, sun bi marasa lafiyar da aka sallama zuwa gidajensu a Landan. A gidajen da ake yawan suka da kyara, ko ake shaƙe marar lafiya da kulawar da ta wuce iyaka, kimanin rabi ciwonsu ya dawo cikin wata 9. A gidajen da ake magana a natse, waɗanda ciwonsu ya dawo ba su kai ɗaya cikin shida ba. Haɗarin ya fi yawa ga waɗanda ke shafe fiye da awa 35 a mako fuska da fuska da masu sukar. Kuma mafi yawan sukar a kan alamomin ragi take sauka, don su ne dangi ke ɗauka da gangan ake yi.

A wajenmu sukar ba kullum take zuwa da tsawa ba. Habaici ne a tsakar gida: "Wasu dai sun ji daɗi, ci da barci." Kwatance ne: "Ga ƙaninka can har ya sayi babur." Gori ne kan kuɗin magani. Duk yana ji. Ann Kring ta nuna a wasu gwaje-gwajenta cewa marasa lafiyar da fuskarsu ba ta motsi yayin kallon abin dariya ko na tausayi, idan aka tambaye su sai a tarar sun ji abin a ransu kamar kowa. Fuskar ce ta daina kai saƙo.

Ku yi magana gajera, ɗaya bayan ɗaya. Idan kun yi tambaya, ku ƙirga ashirin a zuci kafin ku sake magana, amsar na tafe, a hankali take zuwa. Yabo ya zama kan abu takamaimai kuma ba da shewa ba: "Na ga ka ba akuya ruwa, sannu." Kada a yi zancensa a gabansa kamar ba ya wurin. Zama kusa da shi shiru, kana gyaran rediyo yana kallo, shi ma hira ce.

9. Jama'a kaɗan-kaɗan.

Gidan biki da kiɗa da ɗaruruwan idanu ya yi masa yawa, kuma matsin da ya wuce kima na iya tayar da alamomin ƙari. Ku fara da aboki ɗaya na ƙuruciya da zai riƙa leƙowa ranar Juma'a. Daga nan teburin mai shayi lokacin da babu cunkoso, daga nan sahun masallacin unguwa. In za a je taro, a yi alkawari tun daga gida: minti 20, da ka ce mu tafi za mu tafi. A kuma cika.

10. Aure ba magani ba ne.

"A yi masa aure zai warware" ta jefa 'ya'yan mutane da yawa cikin wahala. Mai wannan ciwo na iya aure ya zauna lafiya, amma bayan ya daidaita, kuma bayan an faɗa wa wancan gida gaskiya.

11. Ku duba jikin ma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu sikizofireniya sun ninka sauran jama'a sau 2 zuwa 3 wajen yiwuwar mutuwa da wuri, kuma yawanci cututtukan jiki ne sanadi, irin su ciwon zuciya da suga. Wasu magungunan, musamman olanzapine da clozapine, suna buɗe ciki su sa ƙiba. Ga zama wuri ɗaya, ga sigari. Mutumin da ba ya yawan magana kuma ba zai ce muku haƙori na ciwo ba. A riƙa auna nauyi da hawan jini da suga, a rage lemon kwalba, a duba baki da ƙafafu. Tafiyar rabin awa kullum tana taimakon jiki, kuma an ga tana ɗan rage alamomin ragin kansu.

12. Addu'a e, mari da bulala a'a.

Babu likitan kirki da zai hana ku addu'a ko karatu a kan ɗanku, kuma natsuwar da ke cikinta alheri ce gare shi da ku. Amma a haɗa da magani. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a watan Satumba na 2019 a Rigasa ta Kaduna, da wanda aka tarar a Daura a watan da ya biyo baya: ɗaruruwan mutane, da yawa da sasari a ƙafa da tabon duka a baya, kuma iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali. Duka ba ya haifar da himma, tsoro yake haifarwa, tsoro kuma na ƙara tura mutum cikin kansa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince cewa mai wannan larura yana da haƙƙin a kare shi daga azabtarwa da wulaƙanci.

13. Ku san ranar da ba a jira.

Idan ya daina ci da sha, ko ya ƙame a yanayi ɗaya na awanni ba magana ba motsi, wannan ya wuce alamomin ragi, asibiti yau. Idan zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sandarewar jiki da ruɗewa ga mai shan waɗannan magunguna, asibiti cikin daren, kuma a tafi da kwalayen maganin. Idan ya ambaci mutuwa, ko ya ce gara ba shi, ko ya fara rabar da kayansa, kada a ce masa "daina wannan saɓo" a wuce. Kimanin 5 cikin 100 na masu wannan ciwo suna rasa ransu ta hanyar kashe kai, kuma haɗarin ya fi yawa ga matasa a shekarun farko da kuma bayan sallama daga asibiti. A tambaye shi kai tsaye cikin taushi, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. A kulle fiya-fiya da maganin ɓera, a bar magungunansa a hannun mutum ɗaya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita.

14. Ku auna ci gaba da watanni, ku kuma raba jinyar.

Wanda ke tare da shi kullum ba ya ganin sauyi. Littafin nan na shawara ta biyu shi zai nuna muku cewa a watan Muharram wanka sau ɗaya ne a mako, a Rajab ya zama uku, kuma rannan shi ya fara cewa ina kwana. Za a yi makon da zai koma baya. Wani zai koma karatu ko sana'a, wani iyakarsa ya kula da kansa da akuyarsa, kuma wannan ma nasara ce da ta cancanci a gode wa Allah a kanta.

A yawancin gidajen da na sani, mace ɗaya ce ke ɗauke da wannan kaya duka, uwa ko mata ko babbar ya, har ita ma hawan jini ya kama ta. Wanda ya gaji kuwa shi ke faɗin maganar da zai yi nadama. Iyaye maza, yayye, kawunnai, turo kuɗin magani ta waya bai sauke muku nauyi ba. Ku zauna a wannan makon ku raba kwanaki: wane zai kai shi asibiti, wane zai fita da shi tafiyar la'asar ranar Talata, wane zai karɓe shi yini guda Umma ta je gidan 'yan uwanta ta huta. Wanda ya karɓi rana, don Allah ya zo a ranar, ya shiga har ɗakin ya ce masa, "Zo mu je."